Riƙon Yunusa

Asabar, bayan la'asar

Mun dawo daga Dingaya. An yi sadakar ukun Yaya Kubra. Tun ranar Laraba mutane ke ce mini, "Ruƙayya, ya haƙuri?" ina cewa da godiya, har bakina ya saba yana faɗa ba tare da ni ba. Na zauna a bakin gado na rasa abin da zan yi da hannuwana, shi ne na juya bayan littafin shirya darasina na fara rubutu.

Yaya Kubra ita ta goye ni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma iyayen duk sun riga mu. Wannan ce haihuwarta ta goma sha ɗaya, tara ne a raye har da jaririn.

An kira ni ranar Laraba, na same ta a wani ƙaramin asibiti a Gwaram, aka ce a wuce da ita Birnin Kudu. Muka sa ta a mota, kanta a cinyata. Abin da ya faru a motar ba zan rubuta shi ba.

Jaririn namiji ne. Zulaiha ce ke riƙe da shi, babba a 'ya'yan Yaya mata, shekararta goma sha shida. Madarar akuya take ɗiga masa da cokali. Akwai mai goyo a gidan, tana ɗan sa shi a nono, amma ita kanta ta rame, nata ɗan ma bai ƙoshi ba.

Lahadi, da hantsi

Marka tun asuba. Ban iya cin komai ba.

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Na koma aiki don kada in zauna a ɗaki. Ajina sun haura ɗari. Benci yana ƙarewa tun a layi na uku, sauran a ƙasa suke, yau kuwa rufi na yoyo, sai suka cure a gefe ɗaya kamar 'yan tsaki. Ina kiran suna ina kallon kawunansu, sai na kama kaina ina tunanin kowane kai akwai macen da ta durƙusa ta haife shi. Na tsaya a tsakiyar suna. Wata yarinya ta ce, "Malama, kin tsallake ni."

Bari in rubuta yadda maganar ta faro, don gobe kada a ce ni na ƙirƙiro ta.

Bayan na haifi Jannat, ƙanwar Nasiha, muka zauna da maigidana muka yanke shawarar biyu sun ishe mu. Ba ciwo ba ne, ba likita ne ya hana ni ba. Abban Jannat malamin gona ne, kullum yana ƙauyuka. Gonar kakansa a Sundimina da gida guda take ciyarwa har a miƙa wa maƙwabta. An yanka ta, an sake yankawa, yanzu rabon wani ɗan baffansa shanun huɗa ba sa iya juyawa a ciki. Ya ce mini, "Ƙasa ba ta haihuwa, mu ne muke haihuwa. Ranar da muka ji marmarin ƙarin ɗa, ga 'ya'ya nan an riga an haifa sun fi ƙarfin iyayensu. Mu ɗauki ɗaya mu riƙe tsakani da Allah." Na yarda, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Mun sha gori. A gidan biki an taɓa ce mini matar Bature.

Da babbar Sallah Yaya ta zo mana da cikinta a gaba. Muna soya nama ta dafa cikin ta ce, "Wannan naki ne. Ina yaye shi ki zo ki ɗauki abinki. Na gaji, Ruƙayya." Dariya take, ni ma na yi dariya. Mijinta Malam Sada yana tsakar gida da Abban Jannat, aka faɗa masa, ya ce, "Ai ɗa na kowa ne."

Bayan yaye muka ce. Ba haka muka ce ba.

Laraba, da magariba

Yau suna. Babu kiɗa, babu taro, an dai yi addu'a an raba dabino a ƙofar gida. Yunusa aka sa masa.

Na tafi da gwangwanin madarar jarirai, na koya wa Zulaiha yadda za ta tafasa ruwa ta auna. Da ta buɗe rumbu za ta ɗebo gero na leƙa. Ana ganin ƙasansa. Sabon gero kuwa bai ko fitar da kai ba. Ganyen tafasa suke kwaɗantawa da rana.

Bayan azahar Abban Jannat ya tayar da maganar a zaure. Ina bayan danga, ina jin komai, don Alhaji Ɗanladi, wan Malam Sada kuma babban gidan, ba ya magana a hankali.

Ya ce, "Malam Ismail, kai da matarka kun rufe ƙofar da Allah ya buɗe muku, yanzu kun zo za ku shiga ta tagar wani? Har nan labarinku ya zo. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gidanmu ba a taɓa kyautar ɗa ba."

Abban Jannat ya ce, "Alhaji, ba kyauta ba ce, riƙo ne. Sunan ubansa zai amsa. Da ma sun yi maganar da mahaifiyarsa, ga Malam Sada nan a tambaye shi."

"Wadda kuka yi maganar da ita ba ta nan. Kuma yaron da zai tashi a gidanku me zai koya? Ya girma ya haifi biyu ya ce ya gama?"

Na jira in ji muryar Malam Sada. Bai ce komai ba.

Da zan tafi Zulaiha ta rako ni bakin hanya da jaririn a kafaɗa. Ta ce, "Inna Ruƙayya, ba ki ɗauke shi ba." Na ce hannuna a jiƙe yake. Ba a jiƙe yake ba. Tsoro na ji in na ɗauka in kasa mayarwa.

Alhamis, da safe

Na kai wa Hajiya, mahaifiyar Abban Jannat, koko a sashenta. Ta riga ta ji yadda aka yi. Ta ce, "Gara da suka hana. Ɗan wani wuta ne a zani. Ki haifi naki, ƙuruciyarki ba ta ƙare ba." Na ce to, Hajiya. Na fito na tsaya a bakin rijiya na hau jan ruwa.

Asabar, da la'asar

Zulaiha ta kira da wayar maƙwabta. Yunusa yana gudawa. Na ce madarar fa, kina tafasa ruwan? Ta ce madarar ta ƙare. Na ce gwangwanin guda? Ta ce Halima, wadda aka yaye saboda cikin nan, kullum kuka take tana neman Umma, shi ne take ɗan zuba mata a koko. Sauran ƙananan suka gani, su ma suka miƙo kofi. "Inna, ya zan yi in hana su?"

Ban yi mata faɗa ba.

Lahadi, da yamma

Abban Jannat ya kai wasu gwangwanaye a babur. Alhaji Ɗanladi ya karɓa a ƙofar gida, ya yi godiya, bai ce ya shigo ba.

Litinin, da rana

Wayar maƙwabtan a kashe.

Talata, da rana

A kashe.

Jannat ta same ni ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ta ce, "Mama, wannan ai fara ce."

Laraba, bayan la'asar, a asibiti

Yana nan. Yana hannuna. Da hannu ɗaya nake rubutu.

Ina cikin aji wajen hantsi aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga Zulaiha a tsaye cikin ruwa, ba takalmi ɗaya, hijabinta ya manne mata a jiki, da tudun goyo a ƙarƙashi. Ta bari maza sun fita gona, ta bi ta bayan gida, ta roƙi ɗan acaɓa ya fito da ita titi, ta shiga motar da ke zuwa nan Birnin Kudu. Ba wanda ta faɗa wa.

Ta ce, "Tun jiya bai yi kuka ba. Da yana kuka ma na fi jin daɗi."

Na kwance shi. Maɗigarsa ta faɗa, leɓensa ya bushe, idonsa a buɗe amma ba ya kallon komai. Ban san lokacin da na bar makaranta ba, jakata ma tana can.

An sha wahala kafin a sami jijiya. Yanzu ana yi masa ƙarin ruwa. Wata nas mai suna Barira ta ce mun zo a kan gaɓa, amma kada in saki jiki tukuna.

Ta wannan ƙofar muka shigo waccan Larabar. Na sunkuyar da kai na wuce.

Alhamis, da safe

Alhaji Ɗanladi ya kira Abban Jannat tun jiya da yamma. Ina jin muryarsa daga inda nake. Wai mun hure wa yarinya kunne ta sato musu ɗa. Wai in ba a mayar da su ba zai kai maganar gaban hakimi, in ta kama har kotu. Wai ita Zulaiha ta san abin da ke jiranta.

Zulaiha na zaune a ƙasa kusa da gadon, ta ji. Ba ta ɗaga kai ba, sai gefen zaninta take murzawa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Mun yi faɗa da Abban Jannat, a barandar asibiti, da murya ƙasa-ƙasa don kada a ji. Tun da muka yi aure ba mu taɓa irinsa ba.

Ya ce idan yaro ya warware mu mayar da shi da hannunmu, mu ba su haƙuri, mu ci gaba da lallashi. Na ce a mayar da shi ga me? Ga akuya? Na ce, "Kai ne ka zaunar da ni ka ce mu riƙi wanda aka riga aka haifa. Ga shi an haifa. Ko da ma maganar ta zaure ce kawai, ta burge abokai?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ruƙayya, in muka karɓe shi da ƙarfi mun ci ɗaya mun rasa takwas. Ranar da aka shiga kotu ƙafarki ba za ta sake taka gidan nan ba. Halima fa? Zulaiha fa, da za ta koma ta zauna a cikinsu?"

Na san gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Ban ci abincin da ya kawo ba.

Asabar

Ya yi kuka. Ƙaramin kuka kamar na mage, amma kuka ne. Zulaiha ta fashe da dariya, sannan ta kifa kai a gado.

Lahadi, da azahar

Barira nas ta tambaye ni yaushe na yaye ta ƙarshe. Na ce shekara biyu ke nan. Ta ce madarar gwangwani ba ta zauna masa sosai ba, in zan jure in riƙa sa shi a nono dare da rana, wani lokaci nonon yakan dawo. Ta ce wani lokaci, ba kullum ba.

Na gwada. Ya kama, ya ja, ya saki, ya yi kuka. Babu komai.

Ban faɗa wa kowa ba sai Abban Jannat. Ya daɗe yana kallona ya ce, "Kin san in ya sha, wannan ba a warware ta." Na ce na sani.

Litinin, da yamma

An sallame mu. Muna gida. Nasiha da Jannat sun kewaye shi suna ƙirga yatsunsa.

Nono bai zo ba.

Talata, da hantsi

Hajiya ta shigo ɗakina ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba, ta same ni da shi a ƙirji ina hawaye don zafi. Na yi sauri zan rufe. Ta ce in bari. Ta zauna a kujera 'yar tsugune.

Sannan ta ce, "Kin san ni 'yar riƙo ce?" Ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya ban sani ba. Ta ce tana shekara uku aka kai ta Surko wurin gwaggonta da ba ta haihu ba. Gwaggo ta riƙe ta kamar ƙwai, har Allah ya ba ta nata. Daga ranar ta koma kwana a bakin ƙofa, ita ce ɗebo ruwa, ita ce cin ƙanzo. Ta ce, "Ba duka ba ne ya fi yi mini ciwo. In baƙi sun zo ta nuna nata ta ce ga 'ya'yana, ta nuna ni ta ce wannan ta ɗan'uwana ce."

Ta kalle ni ta ce, "Ke yau tausayi ne ke ɗibarki. Gobe in kin canza shawara kin haifi namiji fa?"

Na ce, "Hajiya, ba zan canza ba. In ma Allah ya ƙaddara ya kawo wani, wannan ne wansa."

Ta ce, "Baki ne ya faɗa." Ta tashi ta fita.

Can sai na ji daka a sashenta. Kafin azahar ta aiko Nasiha da kwano cike da kunun kanwa mai zafi, da saƙon wai in shanye tas, kuma in daina riƙe yaro kamar na aro.

Laraba

Kunun kanwa safe da yamma. Nono bai zo ba.

Alhamis, bayan la'asar

Alhaji Ɗanladi ya zo da kansa, da wasu mutum biyu. Bai yarda ya zauna ba. Daga ƙofar gida yake cewa a fito masa da yaransa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Zulaiha ta shige bayan ƙyaure, ni kuma na tsaya a tsakar ɗaki da Yunusa, ina ta neman inda zan sa shi, kamar ɗan mutum abin ɓoyewa ne.

Hajiya ce ta yafa mayafi ta fita zaure. Na ji ta ce, "Alhaji, barka da zuwa. Yaron nan da ƙyar aka ƙwato shi. In ka ɗora shi a babur cikin ruwan nan wani abu ya same shi a hanya, kai za ka gaya wa ubansa ko ni? Ina uban ma? Bakinsa ciwo yake?"

Daga ƙarshe aka tsayar gobe bayan Juma'a za a zauna a gaban dagacinsu da liman. Abin da aka yanke shi za a yi.

Da zai tafi ya ɗaga murya don Zulaiha ta ji: "Ki gaya wa ƙannenki dalilin da ya sa suke kwana da yunwa. Babu mai yi musu tuwo."

Ba ta ci abincin dare ba.

Juma'a, da azahar

Abban Jannat ya tafi tun safe. Mata ba sa zuwa irin wannan zama. Na share tsakar gida sau biyu. Na haɗa kayan Yunusa a leda, na kwance, na sake haɗawa.

Juma'a, da magariba

Ya dawo a jiƙe. Ban bari ya cire takalmi ba.

Ya ce liman ya yi bayani a tsanake: riƙon maraya lada ne babba, muddin ba a canza masa uba ba, kuma malamai sun sa 'yar'uwar uwa a sahun gaba wajen renon jariri. Amma ya ce shi ba ya son zumunci ya tsinke a hannunsa. Alhaji Ɗanladi ya yi ta magana, har ya ce da an yi arba'in zai nemo wa ƙanensa mata, ta riƙi yaran, gida ya ci gaba da cika. Dagaci ya ce duk an ji, saura uban yaro.

Na ce, "Me ya ce?"

Ya ce Malam Sada ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce shi tun da aka haifi yaron bai ko dube shi da kyau ba. A bar shi ya zo ya gan shi tukuna.

Shi ke nan. Ba i, ba a'a.

Asabar

Bai zo ba.

Lahadi

Bai zo ba. Duk babur da ya tsaya a layinmu sai in leƙa ƙofa.

Litinin, da sassafe

Ya zo. Ba Malam Sada ba, nonon.

Bayan sallar asuba na sa shi kamar kullum, ina jiran ya saki ya yi kuka. Bai saki ba. Na ji yana haɗiya. Na zare shi a hankali na ga fari a gefen bakinsa, ɗan kaɗan, bai kai cikin cokali ba. Na kira Zulaiha ta gani. Ta ruga ta kira Hajiya. Hajiya ta duba ta ce, "To. Ya zama ƙanen Jannat, ko sama da ƙasa za su haɗe."

Na yi murna, sannan tsoro ya rufe ni. In aka zo aka ɗauke shi yanzu, ba ɗan Yaya kaɗai za a ɗauka ba.

Talata, bayan la'asar

Malam Sada ya zo da hantsi, shi kaɗai, a motar haya. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Abban Jannat ya shigo da shi tsakar gida aka shimfiɗa tabarma. Na gaishe shi daga nesa. Rabon da mu haɗa ido tun ranar motar, don shi ne a gaba kusa da direba.

Zulaiha ta durƙusa ta gaishe shi kanta a ƙasa. Ya ce, "Tashi. Ba faɗa na zo yi ba."

Na miƙa masa Yunusa. Ya karɓa da hannu biyu a sandare, kamar wanda aka ba tulu cike. Mutumin da ya haifi goma sha ɗaya. Ya buɗe zanen ya dubi fuskar, ya daɗe. Ya ce, "Goshinta ne."

Hajiya ba ta ɓoye masa ba. Ta ce, "Malam Sada, gara ka ji daga bakinmu. Ya sha nonon Ruƙayya." Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Ya samu?" Na ce kaɗan. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sannan ya yi magana, mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce shi bai yarda da ra'ayinmu ba, har gobe yana ganin 'ya'ya arziki ne, kuma ba ya son a koya wa ɗansa ƙyamar gidan da ya fito. Ya ce amma jiya ya tsaya a bakin rumbu ya kasa ƙirga kwanakin da suka rage kafin sabon gero, ga ƙananan suna binsa da ido. Ya ce, "Yaya Ɗanladi yana da gaskiyarsa, amma ba shi zai tsaya gaban Allah a kan yaron nan ba. Kuma ita ta riga ta ba ki. Ina wurin."

Sharaɗinsa uku. Yunusa Sada za a rubuta a makaranta da ko'ina. Duk Sallah a kai shi Dingaya ya kwana cikin 'yan'uwansa. In ya yi wayo, a gaya masa wace ce ta haife shi, kada ya ji a bakin waje.

Abban Jannat ya ce mun ɗauka. Ni ma na ɗaga kai.

Na roƙe shi ya bar mana Zulaiha ta koma makaranta a nan. Bai hana ba, ya ce a tambaye ta. Ta ce, "Inna, Halima ba ta yarda da kowa sai ni. Wa zai yi musu tuwo?" Na ce za mu san yadda za a yi. Ta girgiza kai, ta shiga ɗaki ta ɗauko hijabinta. Abban Jannat ya ɗaura musu buhun masara a kai tasha, Malam Sada ya yi kamar zai ƙi, bai ƙi ba. Ya yi mini alkawari ba mai taɓa ta a gida. Ban sani ba ko zai iya cikawa.

Na raka su ƙofar gida. Zulaiha ba ta karɓi Yunusa ta yi masa sallama ba, ta dai taɓa tafin ƙafarsa da yatsa ɗaya. Har sun yi nisa ta dawo da gudu. Na zaci ta fasa tafiya ne. Ta ce, "Inna, da magariba yakan yi rigima. Kada ki jijjiga shi, ba ya so. Ki ɗora shi a kafaɗar hagu ki riƙa shafa bayansa." Ta juya ta bi ubanta.

Na ɗauki ɗaya. Takwas suna can.

Talata, bayan magariba

Ya yi rigimar. Na ɗora shi a kafaɗar hagu. Ya yi shiru.